Wa ke zaɓa wa talaka maganin da yake sha?

Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Tunfafi, ko ta Sabon Gida, ko ta Tamaske, ya saba ganin yaro ɗauke da tire shaƙe da magunguna yana ratsa rumfuna da tsakar rana, kafso ja da rawaya a gefe guda, farare a ɗaya gefen, kowa ya miƙo dala ashirin a ɓalle masa biyu ko uku. An yi ta magana a kan waɗannan masu talla har baki ya gaji. Lokaci zuwa lokaci mahukunta kan kama kayansu, a tara su a bayan gari a cinna musu wuta, a kira ƴan jarida su ɗauki hoto, kashegari kuma tiren ya koma kasuwa. Ba mu kare mai tallar magani, domin ɓarnarsa a fili take. Amma a wannan mako mun ga ya dace mu juya ga ɗaya kantin, wanda ke da takardar izini liƙe a bango da mutum mai farar riga a bayan kanta. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Tambayarmu ita ce: sa'ad da magidanci ya shiga farmasi ko depo a Madawa, Buza ko Kaita ya ce ɗansa na tari da zazzaɓi, mene ne ke sa hannun mai kanti ya nufi wannan kwali ya tsallake wancan? Iliminsa ne, ko ribar da ke bisa kwalin? Ciwon yaron ne, ko alkawarin da ke tsakaninsa da wakilin kamfanin da ya kawo masa kaya bashi?

Magungunan da muke nufi su ne masu kashe ƙwayoyin cuta, waɗanda likitoci ke kira antibiyotik: amoksisilin, kotrimokzazol, tetrasiklin, siprofuloksasin, allurar seftriyakzon da ire-irensu. Sun bambanta da sauran magunguna ta wata fuska da ba kowa ya sani ba. Wanda ya sha maganin ciwon kai ba bisa ƙa'ida ba, kansa kaɗai ya cuta. Wanda ya sha antibiyotik ba bisa ƙa'ida ba, ya cuci kansa ya cuci maƙwabcinsa. Dalili kuwa shi ne, duk sa'ad da maganin ya shiga jiki yakan kashe ƙwayoyin cuta masu rauni ya bar masu taurin kai, su kuma su hayayyafa, su bi hannu da ruwan sha da bayan gida su koma jikin wani. Bayan ƴan shekaru sai a iske maganin da ke warkar da ciwon haƙarƙari jiya ya zama kamar garin alli. Mura da mafi yawan gudawar yara ba su bukatar wannan magani ko kaɗan, domin irin ƙwayar da ke kawo su ba ta jin sa. Alexander Fleming, wanda ya gano fenisilin, ya yi wannan gargaɗi tun 1945 sa'ad da yake karɓar kyautar Nobel, inda ya nuna tsoron ranar da kowa zai iya sayen maganin a kanti ya sha abin da bai kai kima ba. Ranar da ya ji wa tsoro ita muke ciki.

Wani babban bincike da mujallar likitoci ta Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa a shekarar 2019 kaɗai mutum miliyan 1 da dubu 270 suka mutu a duniya saboda ƙwayoyin cuta sun daina jin magani, kuma idan aka auna da yawan jama'a babu yankin da abin ya fi yi wa ɓarna kamar Afirka ta Yamma, inda ya kai mutum 27 cikin kowane dubu 100. Kada wani ya ce wannan lissafin Turawa ne da bai shafe mu ba. A nan Maraɗi, maƙwabciyarmu, an bincika yara masu tamowa da aka kwantar a wata cibiyar jinya, aka buga sakamakon a 2011: kusan kashi ɗaya cikin uku sun iso ɗauke da ƙwayoyin hanji masu bijire wa manyan magunguna, waɗanda kuma suka iso babu su, fiye da 9 cikin 10 sun kwashe su kafin a sallame su. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. Tsakanin Maraɗi da Madawa tafiyar ƴan awoyi ce, ciwo ɗaya, abinci ɗaya, kasuwa ɗaya.

To, ina tallar kamfani ta shigo cikin wannan magana? Mai karatu da bai taɓa tsayawa bayan kanta ba zai so ya san yadda cinikin ke gudana. Kamfanonin magani da manyan dillalai suna da wakilai masu zagaya asibitoci da farmasi. Wakili kan zo da fara'a da kalanda da alƙalami da takarda mai sheƙi, wani lokaci da goron gayyatar taron ƙara wa juna sani wanda ke da abinci da kuɗin mota. Wannan shi ne abin da ido ke gani, kuma shi ne ƙarami. Babban yana cikin lissafi: ɗauki kwali kaza a ƙara maka kaza kyauta, ɗauki kaya yau ka biya bayan wata biyu, wannan ya kusa lalacewa, an rage maka kuɗinsa. Mai kantin da ya ɗauki kwali hamsin na antibiyotik bashi, ga wa'adin biya na matsowa, ga ranar lalacewar maganin na matsowa, ba ya bukatar kowa ya ce masa ya tura shi ga duk mai tari. Kayan da kansu ke matsa masa. Haka kuma tun da riba kan bi farashi, magani mai sunan kamfani da tsada ya fi mai sunan asali da araha kawo kuɗi, alhali sinadarin da ke cikinsu ɗaya ne.

Idan ka tambayi mai farmasi, amsar da za ka ji kusan ɗaya ce ko'ina: shi ya yi karatu, alƙalami da kalanda ba su isa su sauya masa ra'ayi ba, amma lalle akwai wasu abokan sana'a da abin ke ruɗa. Wannan amsa ba a ƙasarmu aka fara jin ta ba. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2001 ya tambayi matasan likitoci: kashi 61 cikin 100 suka ce wakilan kamfani ba su da tasiri a kan abin da su suke rubutawa, amma kashi 16 kacal suka yarda haka abin yake ga sauran likitoci. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Kamfani ba ya zubar da dukiyarsa don neman lada. Da kyauta ba ta kawo ciniki da tuni ya daina. A Faransa, inda yawancin dokokin farmasinmu suka samo asali, an kafa dokar hana irin waɗannan kyaututtuka tun 1993, duk da haka a 2023 kotu ta hukunta kamfanin Urgo saboda kayan alatu na kimanin euro miliyan 55 da ya raba wa dubban masu farmasi tsakanin 2015 da 2021. Idan haka ta faru inda masu bincike da alƙalai ke a farke, mene ne zai hana ta faru a Karofan ko Ibohaman? Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Domin a fahimci yadda muka iso nan, sai a waiwayi baya. A 1962 gwamnati ta kafa ofishin ONPPC, ta damƙa masa shigo da magani da rarraba shi ta hanyar farmasin jama'a da ke manyan garuruwa. Tsarin yana da nawa da ƙarancin kaya, amma aƙalla ba gasar ciniki ke tafiyar da shi ba. A 1987 ministocin lafiya na Afirka suka amince da shirin Bamako, wanda ya ce majinyaci ya biya wani abu don cibiyar lafiya ta riƙa sake sayen magani. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, maganin da ake shigowa da shi ya yi tashin gwauron zabo, talaka ya juya wa farmasi baya ya nufi tire. A 1995 aka yi dokar biyan kuɗin jinya, a 1997 kuma aka yi sabuwar dokar magunguna da ta buɗe ƙofa ga ƴan kasuwa masu shigo da kaya. A 2006 aka shelanta jinya kyauta ga yara ƴan ƙasa da shekara 5, shiri mai kyau da ya ceci rayuka, sai dai gwamnatoci sun yi ta jinkirin biyan cibiyoyi kuɗin da suka kashe, har bashi ya taru, ma'ajiyar magani ta bushe, aka koma miƙa wa uwa takarda ta je ta saya a waje. A 2023, da Cedeao ta rufe iyakoki bayan juyin mulkin watan Yuli, kwantenonin magani suka maƙale a hanyar Kwatano, kowa ya ga yadda lafiyarmu ke rataye a hannun wasu. Jimillar wannan tarihi ita ce, magani ya zama haja, kuma kowane mai riƙe da shi, daga babban dillali har mai karɓar kuɗi a cibiyar ƙauye, abincinsa na cikin yawan abin da ya sayar. Ba mai farmasi ya gina wannan tsari ba. Gwamnatoci ne, na farar hula da na soja, suka gina shi bi da bi.

Gundumomin Madawa, Buza da Kaita, bisa ƙidayar 2012, suna da mutum fiye da miliyan 1 da dubu 300, kuma tun daga lokacin jama'a ƙaruwa take yi. Masana harhaɗa magani masu digiri kuwa akasarinsu a Yamai da manyan birane suke, Madawa kuma tana da nisan kilomita kusan 500 daga Yamai. Ke nan a mafi yawan garuruwan Adar da kwarin Tarka wanda ke miƙa magani mai depo ne, ko yaron kanti, ko ma'aikacin ƙaramar cibiya, mutanen da iliminsu game da sabon magani sau da yawa daga bakin wanda ya kawo shi yake fitowa. Ga iyakar Najeriya ta ɓangaren Bangi, wadda kaya ke ratsawa dare da rana. Ga ƴan ci-rani masu dawowa daga Abija ko Libiya da sunan wani magani da ya yi musu aiki a can, su nemi shi tilas. Ga makiyayi da ke sayen tetrasiklin ya ɗura wa akuyarsa da ƙiyasi. A wannan yanki ne kuma ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi shekaru tana jinyar yara masu tamowa a Madawa da Buza tun bayan yunwar 2005. Yaron da yunwa ta cinye wa garkuwar jiki, idan ciwon haƙarƙari ko na jini ya kama shi, babu abin da ke tsakaninsa da kabari illa antibiyotik mai aiki. Duk kwalin da aka sayar wa mai mura yau, daga rabon wannan yaro aka gutsura.

Adalci ya wajabta a saurari mai farmasi, domin yana da hujjoji. Zai ce: idan na hana mutum magani don ba shi da takardar likita, ba asibiti zai nufa ba, wurin mai tire zai koma, ya sayi jabu. Zai ce: wanda ya zo da dala ɗari ba ya iya biyan kuɗin ganin likita da na magani gaba ɗaya, ko in ba shi na kwana biyu ko ya tafi hannu wofi. Zai ce: ina biyan haya da lantarki da haraji da albashi, mai tire ba ya biyan ko ɗaya. Zai ƙara da cewa ba wanda ke kawo masa labarin sababbin magunguna sai wakilin kamfani. Duk waɗannan gaskiya ne, kuma tsoron jabu ba ƙarami ba ne: hukumar lafiya ta duniya OMS ta ƙiyasta a 2017 cewa ɗaya cikin kowane magani 10 a ƙasashe matalauta jabu ne ko marar inganci, antibiyotik kuma na cikin waɗanda aka fi kai ƙorafi a kansu. Amma hujjar ta tsaya a rabin hanya. Tausayin talaka na iya bayyana dalilin ba shi amoksisilin mai araha. Ba ya bayyana dalilin tura masa magani mai tsada wanda ya kamata a adana don ciwo mai tsanani. Wanda kuma ya sayar da maganin kwana biyu a inda ake bukatar na kwana biyar, bai warkar da majinyaci ba, ya dai horar da ƙwayar cutar. Izinin da hukuma ta ba mai farmasi, ta hana wa sauran ƴan kasuwa, an ba shi ne saboda ana zaton zai iya cewa a'a. Ranar da ya kasa faɗin haka, bambancinsa da mai tire ya koma inuwa da fanka.

Ba mu ce kamfanonin magani abokan gaba ba ne, amma tarihi ya koya mana mu duba kyauta kafin mu yi godiya. A annobar sanƙarau ta 1995 an yi wa dubban ƴan Nijar allurar rigakafin da aka kawo gudummawa daga Najeriya, daga baya aka gano jabu ce. A 1996, a Kano, kamfanin Pfizer ya gwada sabon antibiyotik mai suna Trovan a lokacin annobar sanƙarau, cikin wani gwaji da ya shafi yara kimanin 200, 11 suka rasu. Kamfanin ya musanta laifi, amma a 2009 ya sasanta da gwamnatin Kano a kan dalar Amurka miliyan 75. A ɗaya ɓangaren kuma, gwajin da aka yi a jihar Doso, wanda aka buga a 2018, ya nuna cewa ba yara azitromisin sau biyu a shekara ya rage mace-macensu da kashi 18 cikin 100, wani gwajin da ya haɗa Doso da jiharmu ta Tawa, wanda aka buga a 2024, ya sami ragin kashi 14. Masu binciken da kansu sun ga cewa inda aka raba maganin, ƙwayoyin da ke bijire masa sun ƙaru. Ke nan ko amfani mai ceton rai yana da farashi. Idan haka ne, ina dalilin ƙara wa kanmu asara ta hanyar sayar da irin wannan magani ga mai atishawa don kawai kwali ya ƙare?

Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Abin da muke nema ba sabon abu ba ne. Tun 1988 hukumar OMS ta fitar da ƙa'idojin tallar magani, inda ta ce kada wakilin kamfani ya ba mai rubuta magani ko mai sayar da shi wani abin kwaɗaitarwa, kada su ma su nema, kuma kada akasarin albashin wakilin ya dogara ga yawan abin da ya sayar. A 2017 ta raba antibiyotik gida uku: na sahun gaba irin su amoksisilin, na taka-tsantsan irin su siprofuloksasin da seftriyakzon da azitromisin, sai na ajiya waɗanda ba a taɓawa sai komi ya ƙi. A Satumban 2024 ƙasashen Majalisar Ɗinkin Duniya suka yi alkawarin cewa kafin 2030 aƙalla kashi 70 cikin 100 na abin da ake sha ya kasance daga sahun gaba. Nijar kuma na cikin ƙasashen da suka shiga yunƙurin Lome na yaƙi da jabun magani a Janairun 2020. Takardu ba su yi mana ƙaranci ba.

Saboda haka muna kira ga ma'aikatar kiwon lafiya, da farko, ta haramta ƙarin kwali kyauta da duk wata garaɓasa mai bin yawan ciniki a kan antibiyotik, ko da za a bar ta a kan sabulu da man shafawa. Na biyu, duk kyauta ko gayyatar taro da kamfani ya yi wa ma'aikacin lafiya a rubuta ta a rajistar da kowane ɗan ƙasa zai iya dubawa. Na uku, a daidaita ribar mai kanti ta yadda sayar da magani mai araha ba zai zame masa asara ba. Na huɗu, manyan likitocin gundumomin Madawa, Buza da Kaita su karɓi aikin ilimantar da masu depo daga hannun ƴan talla, su riƙa tara su suna koya musu rukunin nan uku cikin Hausa da Tamajak, a liƙa jerin a kowane kanti. Na biyar, a tanadi ɗakin gwajin da zai iya nuna wace ƙwaya ce ke jin wane magani kusa da waɗannan gundumomi, a riƙa bayyana sakamakon kowace shekara, ɗakin binciken LANSPEX kuma ya riƙa ɗibar samfur daga kantunan karkara. Na shida, kuma shi ne ginshiƙi, gwamnati ta biya cibiyoyi kuɗin jinyar yara a kan kari, domin muddin ma'ajiyar cibiya babu amoksisilin, duk wa'azin da za a yi wa uwa iska ce.

Ƙungiyar masana harhaɗa magani ita ma tana da nata. Sana'ar da ke da rantsuwa bai kamata ta jira jandarma ya tsabtace ta ba. Wanda ya bar sunansa da takardarsa a kanti ya tafi birni, ya bar yaro yana rabon allura, ƴan'uwansa sun san shi, su ya dace su fara ja masa kunne. Mu kuma masu saye, mu daina auna ƙwarewar ma'aikaci da yawan kwalayen da ya ɗora mana. Wanda ya ce maka mura ce, ka je ka huta ka sha ruwa, bai raina ka ba. Sarakuna da limamai da gidajen rediyon karkara, waɗanda suka taimaka aka karɓi rigakafin shan inna, suna iya isar da wannan saƙo inda takardar minista ba ta kaiwa.

Mutanen Kaita sun san abin da ake nufi da dukiyar kowa da kowa ta ƙare. Sun ga yadda sara da zaizaya suka mai da tuddansu faƙo, kowa ya ɗebi nasa ba wanda ya ga laifin kansa. Sun kuma ga irin wahalar da aka sha tun daga 1984, da tallafin Italiya, mata na ɗaukar duwatsu a ka shekara da shekaru kafin ƙasa ta sake karɓar shuka. Ƙarfin antibiyotik ma dukiyar kowa ce, kuma yana zaizayewa kwali bayan kwali. Bambancin shi ne, ƙasa tana farfaɗowa idan an yi mata aiki, amma sabon maganin da zai maye gurbin wanda ya mutu yakan ɗauki shekara 10 ko fiye kafin a same shi, idan ma an same shi ba Buza zai fara isowa ba, kuma ba da farashin da mai albasa zai iya biya ba. Idan kunne ya ji, jiki ya tsira.